Pil ɗin da ba a gani: kafin tsohon osiloskop ɗinka ya manta awonsa

Yau maganar ta masu gyaran kayan lantarki ce, amma ina roƙon daraktocin lakol na fasaha da shugabannin gidajen rediyon karkara su ma su daure su karanta har ƙarshe, don akwai dukiyarsu a ciki. A mangazar makarantu da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da tsoffin atiliye, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, akwai na'urorin awo da aka lulluɓe da zane ana jiran ranar da za a buƙace su. Mai ajiyar yana ganin ya kyauta, ya kare su daga ƙura da hannun yara. To wasu daga cikinsu, wannan kwanciyar ce take cinye su.

Na'urar da nake nufi ita ce osiloskop. Wanda bai san ta ba, ga ta a taƙaice. Mitar da kowane mai gyara ke riƙewa tana gaya maka kuran nawa ne a waya, bolt 5 ko bolt 12, ta tsaya nan. Shi osiloskop yana zana maka kamannin kuran ɗin a kan gilashi: yadda yake hawa, yadda yake sauka, sau nawa yake yin haka a daƙiƙa ɗaya, da ko akwai datti a cikinsa. Inbata ta hasken rana da aka sayar maka a kan cewa wutarta mai laushi ce, a gilashin nan ake ganin ko gaskiya ne ko kuwa matakala take fitarwa, irin wadda ke sa fanka kuka. Amfili na masallaci da ke shaƙe murya, na'urar watsa shirin rediyo da ke tsallaka gonar maƙwabta, duk nan ake kama su.

A cikin tsoffin osiloskop akwai wanda masu sana'a ke girmamawa ƙwarai, shi ne Tektronix 2465B. Kamfanin Tektronix an kafa shi a 1946 a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, kuma osiloskop ne ya yi masa suna. Jerin 2465 ya fara fitowa a 1983, sai 2465A, sai 2465B a ƙarshen shekarun 1980, aka ci gaba da ƙera shi har cikin shekarun 1990. Yana da mashiga huɗu, yana ganin sigina har megahaz 400. Ku tuna tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 ne da 108, wato ga mai gyaran na'urar watsa shiri wannan ido ne da ke gani har ya wuce inda ake buƙata. Lokacin da yake sabo, sai manyan kamfanoni da jami'o'i da sojoji ke iya sayensa. Daga baya da suka koma na zamani sai tsoffin suka bazu a duniya a matsayin kayan gwanjo da kayan tallafi, wasu suka gangaro har wurinmu.

Ga inda matsalar take. Osiloskop na can da, idan za a daidaita awonsa, sai a buɗe shi a riƙa murɗa ƙananan sukurori da siririn sukundireba har awo ya zauna daidai. Saitin yana jikin ƙarfe, ko an ajiye shi shekara 40 yana nan inda aka bar shi. Shi 2465B yana da ƴar kwamfuta a ciki. A masana'anta ana haɗa shi da na'urori masu fitar da sigina da aka tabbatar da girmanta, shi kuma ya auna, ya lissafa kuskurensa, ya rubuta lambobin gyara ya adana. Duk lokacin da ka kunna shi sai ya karanta waɗannan lambobi ya gyara kansa da su. Lambobin na wannan na'ura ce ita kaɗai. Biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya ba za su zama da lambobi iri ɗaya ba, saboda kayan cikinsu ba su taɓa zama daidai da juna ɗari bisa ɗari.

A ina ake adana lambobin? A cikin waɗanda lambar jikinsu ta kama daga B050000 zuwa sama, ana adana su a wata baƙar aisi mai kauri, mai ƙafa 28, da aka rubuta wa DALLAS DS1225Y a bayanta. Tana kan farantin da ake kira A5, wanda ke gefen na'urar in ka zare murfin, a gurbin da aka sa wa lamba U2460. Kamfanin Dallas Semiconductor na jihar Texas ne ya ƙera ta. An kafa shi a 1984, kamfanin Maxim ya saye shi a 2001, shi ma Maxim ɗin Analog Devices ya haɗiye shi a 2021. In ka ga kaurinta za ka san ba aisi ce kawai ba. Abu uku ne aka dunƙule cikin baƙin ƙaro mai tauri: ƙwaƙwalwa irin wadda ke mantuwa da zarar wuta ta ɗauke, da ƴar na'urar da ke lura da wutar, da ƙaramin pil na litiyom. In na'ura tana kunne, ƙwaƙwalwar na cin wutar na'ura. In aka kashe, mai lurar nan sai ta rufe ƙofar rubutu ta juya ta kan pil.

Takardar kamfanin ta yi alkawarin shekara 10 ne aƙalla ba tare da wutar waje ba, kuma lissafin a zafin digiri 25 aka yi shi. Wane ɗaki ne a Maraɗi yake digiri 25 a watan Afrilu? Mangaza mai rufin kwano a bazara, inda inuwa kanta ke haura digiri 40, ba wurin da pil zai yi tsawon rai ba ne, don zafi yana gaggauta zubewar cajinsa. Sannan ku duba yadda abin yake a juye: na'urar da ake kunnawa kullum tana hutar da pil ɗinta, wadda aka ajiye kuwa dare da rana a kan pil take. Shi ya sa na ce kwanciyar ce ke cinye su. Abin mamaki shi ne da yawa sun kai shekara 25, wasu sun haura 30 suna riƙe da lambobinsu. Wannan ƙari ne aka samu, ba wanda ya yi alkawarinsa, kuma ba wata alama da ke nuna saura wata nawa. Pil ɗin yana binne cikin ƙaro, ba ka da inda za ka ɗora mita ka auna shi.

Shekarun aisin a rubuce suke a bayanta, lamba huɗu: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. In ka ga 9214, an ƙera ta a mako na 14 na shekarar 1992. Ga irin DS1225Y daga ranar nan ake fara ƙidayar shekara goman.

Ranar da pil ya mutu, na'urar ba ta mutuwa. Da ma mutuwa take yi da ya fi sauƙi. In ka kunna ta takan yi gwajin kanta, sai ta tsaya ta rubuta TEST 04 FAIL da wata lamba a ƙasan gilashi. Gwaji na 04 shi ne na lambobin awo. In ka danna maɓallin A/B TRIG sai ta wuce, layi ya fito, komai kamar lafiya. Na ga masu gyara da suka mai da wannan dannawar al'ada, kamar yadda ake buga wa tsohon babur ƙafa sau biyu kafin ya tashi. Amma daga ranar nan duk abin da ta gaya maka na girman sigina ko na lokaci, zato ne. Kamar tiyar da gindinta ya lotsa ce: tana ɗibar hatsi, tana cika, mai saye da mai sayarwa duk suna kallo, amma ba tiya ba ce. Mai gyaran tele da ke son ganin ko sigina na nan ko babu, zai iya lallaɓawa da ita. Wanda zai saita na'urar watsa shiri, ko malamin da zai koya wa ɗalibai awo, ya shiga uku bai sani ba.

Za a ce to a sake saitin mana. Ana iyawa, hanyar tana cikin littafin gyara na kamfanin, mataki bayan mataki. Sai dai tana neman kayan aiki na musamman: na'urar da ke fitar da bolt daidai ba ƙari ba ragi, wadda Tektronix ke kira PG506, da mai fitar da alamun lokaci, TG501, da mai fitar da sigina mai tsayayyen girma har zuwa manyan megahaz. Kayan nan babu su a shagona, babu su a shagon duk wanda nake hulɗa da shi. A Turai ko Amurka mutum zai kai ta ɗakin awo ya biya, ko ya ari kayan wurin abokinsa. Mu a nan, kuɗin aika na'ura mai nauyin wajen kilo 10 ta je ta dawo ya fi kuɗin na'urar. Don haka a wurinmu lambobin nan da ke cikin Dallas sun fi aisin daraja nesa ba kusa ba. Aisi ana sayenta. Lambobin in sun tafi, ba kasuwar da ake samunsu.

Maigidana da ya koya mini gyara, wanda ya yi shekaru yana kula da na'urorin wani gidan rediyo kafin ya yi ritaya, yana da 2465B guda. Tun da idonsa ya yi rauni ya daina aiki da ita, ya naɗe ta da bargo ya sa ƙarƙashin gado. Na je gaishe shi bayan sallar layya, hira ta kawo mu kanta, na tambaye shi yaushe rabon da ya kunna. Ya ce ya kai shekara huɗu. Na gaya masa zancen pil. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ni na buɗe na'urar ga ya fi sau goma, ban taɓa ganin pil cikinta ba." Na ce, "Maigida, ai ɓoye shi anka yi. Ka ba ni izini in kunna ta nan gabanka, ba zan taɓa komi ba." Ya ce, "Kunna, amma in ta yi hayaƙi kai za ka biya." Dariya yake yi, amma maganar hayaƙin ba wasa ba ce, zan zo kanta.

Ta tashi lafiya, ba TEST 04. Abin da na yi a wannan yammacin shi ne abin da nake son kowa ya yi, kuma ba ya buƙatar ƙarfen dalma ko sukundireba. Na'urar tana da hanyar nuna lambobinta a kan gilashi. Ana danne maɓallan ΔV da Δt tare, a danna SLOPE na ɓangaren TRIGGER, sai ta shiga wurin gwaje-gwaje. Da maɓallin MODE ake zagayawa har a kai EXER 02, da COUPLING na sama ake shiga a riƙa matsawa gaba. Za ta riƙa nuna gurbi ɗaya bayan ɗaya, gurbi 256, kowanne da adireshinsa da abin da ke ciki, lambobi gauraye da haruffan A zuwa F. Na jingina salula da kofin shayi, na rage hasken ɗaki, na ɗauki bidiyo tun daga na farko har na ƙarshe. Na sake ɗauka karo na biyu don kar wani gurbi ya fito dishi-dishi. Duka bai kai rabin awa ba. Daga wannan lokacin ko pil ya mutu cikin dare, ana iya zama a kwafe lambobin da hannu a mai da su cikin sabuwar aisi, don a ƙarshen ƙwaƙwalwar suke zaune, daga adireshi 1E00 zuwa 1FFF. Aikin haƙuri ne, amma mai yiwuwa ne.

Ku lura da girman abin. Duk ƙwaƙwalwar bait 8192 ce, lambobin awon kuma bait 512 kacal suka ci. Saƙon gaisuwar Juma'a da ake turo mana a WhatsApp ya fi su nauyi sau ɗaruruwa.

Da na buɗe ta a shago daga baya, lambar bayan Dallas ɗin ta nuna farkon shekarun 1990. Maigida ya zo da kansa ya zauna a benci yana kallo, wai ba ya barin ta kwana a hannun yaro, ni da nake da furfura.

Yanzu ga aikin canjin kansa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Yaranmu masu gyaran salula sun saba da iska mai zafi: a hura, a ɗaga aisi, a jefar, a ɗora sabuwa. A salula wannan daidai ne. A nan kuwa kashe na'ura ne. An taɓa kawo mini wata 2445B, ƙanwar 2465B ce, daga wani gari. Wani ya ji labarin cewa Dallas na mutuwa, ya yi niyyar alheri, ya hura mata iska har ta fita, ya jefa ta a shara, ya sa sabuwa fanko. Na'urar da ke aiki lafiya da safe ta koma TEST 04 da yamma, kuma tsohuwar aisin ta bi shara. Ba abin da na iya yi masa in ban da in gaya masa iyakar abin da zai iya yarda da shi a awonta.

Dallas ɗin an liƙa ta da dalma kai tsaye a faranti, ƙafafunta sun ratsa ramuka. Farantin mai hawa-hawa ne, akwai hanyoyin wuta a cikin tsakiyarsa da ido ba ya gani, in ka fizge bangon rami ɗaya ka yanke hanyar da ba ka iya ɗinkewa cikin sauƙi. Sannan akwai pil a ciki wanda ba ya son zafi, ga shi ya tsufa. Don haka ƙafa ɗaya-ɗaya ake bi. A ƙara wa kowace ƙafa sabuwar dalma kaɗan don tsohuwar ta narke da wuri, a tsotse da famfo, a bar wurin ya huce, a tsallaka zuwa wata ƙafa ta nesa. Ƙafa ta 14 da ta 28, wato ta ƙasa da ta wuta, sun fi taurin kai don suna manne da faffaɗan jan ƙarfe mai shanye zafi. Kar a bar dalma ta haɗa ƙafa biyu. Kar a sa sukundireba a ƙarƙashi a banƙara. In duk ƙafafun sun saku, da kanta take fitowa, kamar haƙorin yaro. In ta ƙi, akwai ƙafar da ba ta saku ba, a koma a neme ta.

In ta fito a bar ta ta huce sosai kafin a karanta. Ƴar na'urar CH341A da masu gyaran dikoda da tele ke amfani da ita ba ta yin wannan aiki, ta ƙananan ƙwaƙwalwa masu ƙafa 8 ce. Ana buƙatar irin TL866II Plus ko makamanciyarta, wadda ke da DS1225 a jerin sunayenta. A zaɓi sunan daidai. Ƙafafun Dallas sun yi daidai da na tsohuwar ƙwaƙwalwa 2764, sai wani ya ce ai duk ɗaya ne ya zaɓi waccan. Ba ɗaya ba ne: wajen tambayar 2764 sunanta, na'urar karatu tana tura bolt 12 a ƙafa ɗaya, Dallas kuwa ta bolt 5 ce. Kuma a kula da yatsa, maɓallin karantawa da na gogewa maƙwabta ne a kan kwamfuta. Ni nakan karanta sau uku, in adana fayil uku, in gwada su in ga sun zo ɗaya, sannan in buɗe ƙarshen fayil ɗin in gwada da bidiyon da na ɗauka. Sai sun yi daidai nake numfasawa.

A gurbin tsohuwar ba a sake liƙa sabuwa kai tsaye. Soket ake sawa mai ƙafa 28, gajere don murfi ya rufu, saboda wanda zai zo bayanmu ya zare da hannu kawai.

Me za a sa a ciki? A nan ra'ayi ya rabu. Hanya ta farko ita ce sabuwar Dallas, irin DS1225AD. Tana da wata dabara mai kyau: pil ɗinta a katse yake tun daga masana'anta, ba ya fara aiki sai ranar da aka fara ba ta wuta. Matsalar ita ce samun ta gaskiya. Kasuwar intanet cike take da tsoffin Dallas da aka ciro daga matattun na'urori, aka goge bayansu aka buga sabuwar shekara. Za ka biya kuɗi, ka jira makonni kaya su iso, ka sa aisin da ta girmi wadda ka cire. In farashi ya yi araha ƙwarai, ko ƙafafun suna da alamar tsohuwar dalma, ko rubutun yana gogewa da ɗan alkol, ka san abin da ka saya.

Hanya ta biyu ita ce wata irin ƙwaƙwalwa da ba ta buƙatar pil sam, ana kiranta FRAM. Kamfanin Ramtron ne ya yi suna da ita, Cypress ya saye shi a 2012, yanzu kuma tana hannun Infineon. Wadda ta dace da wannan gurbi ita ce FM16W08, girmansu ɗaya da Dallas, bait 8192. Ƙarama ce, sai an ɗora ta a kan ɗan faranti mai ƙafa 28 kafin ta shiga soket. Takardarta ta ce tana riƙe abin da aka rubuta shekara 151 a zafin digiri 65. Ga ƙasa irin tamu wannan magana ce mai daɗin ji, kuma ita na sa wa maigida. Amma ba zan ɓoye muku ba, tana da nata rauni: ba ta da mai gadin nan da ke rufe ƙofar rubutu in wuta ta fara sauka, irin na Dallas. Mutane da yawa sun sa ta a 2465B tana aiki lafiya shekara da shekaru, duk da haka inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, fayil ɗin nan da ka adana shi ne madogararka. In wani abu ya taɓu, ka zare ta daga soket ka sake rubutawa, minti biyar.

Hanya ta uku ta masu ƙarfin hali ce: a kankare baƙin ƙaron a hankali har a kai ga pil ɗin ciki, a yanke shi, a jawo waya biyu zuwa pil CR2032, irin na makullin mota da na kwamfuta, wanda ake samu a kowace kasuwa. Masu tsoffin kwamfutoci sun daɗe suna yi wa ƴar uwarta DS1287 haka. Yana aiki, kuma ba ka jiran kaya daga waje. Sai dai ba a yinsa a kan aisin da ba a riga an kwafe ba, don da ka yanke tsohon pil komai ya tafi.

Akwai hanya ta huɗu da ba na so, kuma ina ganin ya kamata a faɗe ta a fili. Ana samun fayil ɗin wasu na'urori a intanet. In ka rubuta na wani a cikin taka, TEST 04 zai ɓace, na'ura ta tashi tsaf kamar sabuwa. Amma lambobin na wata ce. Kamar ka ari tabaran likita na maƙwabcinka ne: yana zama a hanci, mai kallonka ba zai gane ba, kai ne ka san yadda kake ganin hanya. In mutum ya rasa nasa ya sa na wani don na'urar ta kusanci daidai, kuma ya rubuta haka a jikinta, ban ga laifinsa ba, ya fi fanko. Wanda ya yi haka don ya sayar a kan cewa saitinta na asali ne, wannan algus ne, ba shi da wani suna. Mai saye kuma yana da ɗan gwajin da zai yi a tsaye: ya auna pil mai bolt 9 da mita mai kyau, ya auna shi da osiloskop ɗin a kowace mashiga, a ma'auni biyu ko uku, ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ba cikakken gwaji ba ne, amma yana tona babbar ƙarya.

Tun da an riga an buɗe, akwai abu biyu da ba a rufewa a bar su. A kan farantin A5 ɗin nan akwai ƙananan kondansater huɗu masu kama da gwangwani. Da tsufa suna zubar da ruwa mai cin jan ƙarfe, ya bi hanyoyin wuta ya lalata kayan da ke kusa. In ka ga dalmar wurin ta dushe ta yi toka-toka, ko ka ɗora ƙarfe ka ji wari kamar na kifi, sun zuba. Sau da yawa su ne ke jawo TEST 05 FAIL 44, wanda mutane ke ɗora wa Dallas alhali ba ruwanta. A cire su, a wanke wurin da alkol, a sa sabbi. Na biyu shi ne hayaƙin da maigida ya ambata. A ɓangaren da wuta ke shiga akwai kondansater na kamfanin RIFA masu jikin roba mai haske, in sun tsufa jikin yana tsattsagewa, danshi ya shiga, wata rana su fashe da hayaƙi mai wari. A canza su tun ba su yi ba. Wanda na'urarsa daga Amurka ta zo kuma ya duba bayanta kafin ya sa a wuta: akwai makunnin zaɓe tsakanin 115 da 230, mu a 230 muke. Sannan cikin na'urar akwai dubban bolt a wajen kwalbar gilashin, wanda bai saba ba kar ya sa hannu, ya kira wanda ya saba.

Waɗanda lambar jikinsu ba ta kai B050000 ba, da 2465A, ba su da Dallas. Pil ɗinsu a fili yake a kan faranti, kusa da ƙwaƙwalwar. Wannan ana iya auna shi da mita, abin farin ciki. Amma wajen canza shi dole a ba ƙwaƙwalwar wata wuta ta riƙo kafin a cire tsohon, in ba haka ba daƙiƙa ɗaya ta isa ta share komai. Bidiyon EXER 02 shi ne farko a nan ma.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga ƙananan osiloskop na Sin sabbi fil, wasu ma suna shiga aljihu. Gaskiya ne, kuma ga yaron da ke fara gyaran inbata da amfili su nake ba shi shawara ya saya, sun ishe shi. Amma sabo mai ganin megahaz 400 da mashiga huɗu kuɗinsa ba na ƙaramin shago ba ne, ba kuma na rediyon karkara ba ne da ke fama da kuɗin gazuwal. Wanda Allah ya sa yana da irin wannan a mangaza, yana da abin da ba zai iya saye ba in ya rasa shi.

Ba kuma 2465B kaɗai ba ce. Osiloskop na jerin TDS 500 da 600 da 700 na shekarun 1990 suna ɗauke da manyan Dallas, irin DS1486 da DS1250Y ko DS1650Y. Shahararriyar mitar nan HP 3458A tana adana saitinta a DS1220Y. HP 3478A kuma pil ne a fili kamar na 2465A. Kowace da hanyar kwafe ta, wasu ta wayar da ke haɗa su da kwamfuta ake yi ba sai an cire komai ba. Duk na'urar awo ta shekarun 1980 da 1990 da ka buɗe ka ga baƙar aisi mai kauri fiye da ƴan uwanta, ka karanta lamba huɗun nan na bayanta kafin ka yi komai.

Ta maigida, da na gama na rubuta takarda na manna a cikin murfin: ranar da aka yi aikin, irin aisin da aka cire da wadda aka sa, da sunan fayil ɗin. Fayil ɗin da bidiyon suna kan ƙaramin katin memori da na naɗe a leda na liƙa a gefen takardar, kwafi ɗaya yana kwamfutar shago, ɗaya kuma na tura wa babban ɗansa da ke aiki a Yamai. Lambobin 256 kuma na sa yaron shagona ya kwafe su da biro a littafi, ni na karanta shi ya duba, shi ya karanta ni na duba. Tsohuwar Dallas ɗin ban jefar ba, tana cikin kwalbar magani a aljihun tebur, na rubuta lambar na'urar a jiki. Wata shida bayan nan na sake ɗora ta a na'urar karatu don in gani, lambobin suna nan yadda suke.